Gilashin 50mm na tsohuwar kyamarar fim: wanne kuka riƙe, me kuka gani?

Ɗalibi, Samaru

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Kawuna ya ba ni tsohuwar kyamararsa, Pentax K1000. Lafiyarta lau, sai dai babu gilashi a bakinta, murfi kawai. Na zaga Sabon Gari na samu guda uku. Na farko SMC Pentax-M 50mm f/2, fes yake. Na biyu na gidan ne shi ma, 50mm f/1.4, kuɗinsa ya fi na farkon nesa ba kusa ba, kuma idan na ɗaga shi a haske ina ganin wasu siraran farin zare a gefensa ta ciki. Na uku Helios-44-2 ne na Rasha, 58mm f/2, mai shi ya ce sai an sa masa adafta. Mutane nake so in ɗauka, da lungunan birni, da hawan Sallah in Allah Ya kai mu. Don Allah wanda ya taɓa aiki da ɗayansu ya faɗa min abin da ya gani da idonsa.

Tsohon mai hoto, Sabon Gari

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya saka wa kawunka da alheri, ya ba ka kyamarar aiki. An fara yin K1000 a 1976, ba a daina ba sai 1997, kuma batir ɗinta na ma'aunin haske ne kawai, ko babu shi za ta ɗauka.

Ɗauki f/2 ɗin nan. Da irinsa na ci abinci, na yi aure, na aurar. Kafin Pentax ta zo hannuna Yashica FX-3 nake riƙewa, ita ma da ɗan gilashinta na 50mm da ta zo da shi a kwali. Biki, suna, saukar karatu, hoton fasfo, duk da shi. Ban taɓa kai wa mutum hotonsa ya ce min gilashin bai isa ba.

Yaran yanzu suna ganin 1.4 a jikin ƙarfe sai ransu ya biya. To ka yi lissafi da ranar Zariya. Ka sa fim mai lamba 200, ka fita da hantsi: ƙofar haske a f/16 (lambar tana girma, ƙofar tana ƙanƙancewa), sauri a 1/250 na daƙiƙa. In ka ɗaga sauri zuwa 1/500 ka koma f/11. In ka kai 1/1000, wanda nan ne iyakar K1000, kana f/8. Ina ka ga wurin f/1.4 a nan? Daga safe har la'asar tsakanin 8 da 16 za ka yi ta yawo, kuma a wannan tsakanin da mai tsadar da mai arhar, in ka wanke hotunan ka jera a tebur, da wuya ka ware su.

Hawan Sallah kuwa ga yadda muke yi a gaban fada. Doki ba ya jiran ka gama murɗa saiti. Ka sa 1/500 da f/11, ka ajiye zoben nisa a wajen mita 8. Daga kamar mita 4 har iya ganinka duk zai fito ras. Sai ka mai da hankalinka kan mahayin, ka jira lokacin da zai ɗaga mashi a jahi. Waɗannan ƙananan lambobin da aka zana a bayan zoben saiti, hagu da dama, aikinsu ke nan, su suke nuna maka daga ina zuwa ina hoton zai yi kaifi. Yawancin gilasan zamani sun daina zuwa da su, abin yana damuna.

Mai gyaran kyamara da agogo, Tudun Wada

Baba ya gama magana kan haske. Ni kan zaren nan da ka gani zan tsaya, don a teburina irinsu suke ƙarewa.

Fumfuna ce, ƙanena. Da damina take kama gilashin da aka rufe a jakar fata aka tura ƙasan akwati ko ƙarƙashin gado. Duhu da laima, shi ke nan ta samu gida. In sabuwa ce a gilashin gaba, ana buɗewa a goge ta fita. In ta daɗe takan ci shafen da ke kan gilashin, ka goge ta tafi amma sawunta yana nan har abada. Daga waje ba ka iya tantance wacce ce, sai an buɗe. Saboda haka kada ka biya kuɗin lafiyayye a kan mara lafiya.

Duk wanda za ka saya, ka je da tocila. Cire murfin gaba da na baya, buɗe ƙofar hasken gaba ɗaya, haska ta baya a karkace, ka leƙa ta gaba. Za ka ga ƙura, kada ta tsorata ka. Babu gilashin da ya ga hunturu talatin ko arba'in a garin nan bai sha ƙura ba, kuma ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne hazo, wato ka ga cikin ya yi fari-fari ko'ina. Shi ne yake sa hoto ya fito a dushe, baƙi ya koma toka-toka, musamman in rana tana gabanka. Ɗan ƙarce a gilashin gaba da sauƙi. A na baya ne yake da illa.

Bayan nan ka rufe zuwa f/16, ka sa yatsa ka taɓa ɗan ƙarfen da ke bayan gilashin ka saki. Ganyayyakin ƙarfen nan na ciki su buɗe su rufe nan take, ƙyat. In suna jan jiki, ko ka ga suna sheƙin mai, giris ne ya narke ya gangaro musu. Zafin Maris da Afrilu yana yin wannan, balle a ce an taɓa barin kyamarar a cikin mota. Illar ita ce ka danna, ƙofar ba ta gama rufewa ba hoto ya riga ya ɗauku, haske ya yi yawa, kuma ba za ka sani ba sai an wanke fim ɗin duka.

Sai zoben saiti. Ka murɗa daga mita 0.45 har ƙarshe. Ya tafi sumul da ɗan nauyi. In kana jin ƙaras-ƙaras, yashi ya shiga. Wannan ina gyarawa, aikin wankewa da sabon giris ne. Kuma ka je da kyamararka, ka ɗaura a gaban mai kayan, ka saita wani abu mai nisa, hasumiya ko dogon bini, ka tabbata ya yi kaifi a ƙarshen zoben. An sha kawo min waɗanda wani ya buɗe ya mayar ba daidai ba, nesa ba ta kamuwa sam.

Malama, Kongo

Baba, a yi min afuwa, zan ɗan saɓa. Duk lissafinku na waje ne. Ni aikina a cikin gida yake, inda maza ba sa shiga: ranar lalle, kamu, tsofaffi a ɗakunansu. Ɗakin kakata a cikin birni tagarsa ɗaya ce, 'yar ƙarama, can sama. Ba ta son walƙiyar filasha, tana cewa tana sa mata jiri, ni ma ba na so, don tana kashe hasken tagar da ke sauka a gefen fuskarta, wanda shi na zo ɗauka.

A irin ɗakin nan, da fim mai lamba 400, f/2 yakan ba ni 1/30. Hannu yana rawa a nan, tsohuwa kuma tana magana tana motsi. F/1.4 yana shigar da haske ninki biyu na f/2, sai in samu 1/60, hoton ya tsira. Wannan bambancin a wurina ba ado ba ne. Minolta X-700 nake riƙewa da gilashinta na 50mm f/1.4, ba na fita ba shi.

Amma yana da wahalarsa, ƙanena. A f/1.4, in mutum yana mita ɗaya daga gare ka, abin da zai yi kaifi bai fi santimita 3 ba. Ka saita ido, ta ɗan sunkuyo, sai ka samu ɗankwali ya fito ras ido ya dushe. Sai hannu ya saba.

Shawarata, ka tambaya ko za a samo maka Pentax-M 50mm f/1.7. An yi shi da yawa, ƙarami ne, kaifinsa sananne ne, kuma yana tsakanin biyun nan da kake dubawa. Mai fumfunar dai ni ma ban ce ka saya ba.

Tsohon mai hoto, Sabon Gari

Gaskiyarki 'yata. Mu a zamaninmu in an shiga ɗaki filasha muke kunnawa a 1/60, ko mu ce a fito tsakar gida. Kuma na yarda da 1.7 ɗin, na riƙe shi, ba shi da abin kushewa.

Ma'aikacin asibiti, Wusasa

Kada a bar Helios a baya. Mahaifina ya yi karatu a Tarayyar Sobiyet, ya dawo da Zenit-E da wannan gilashin a bakinta, duk hotunan yarintarmu da shi aka yi. Yanzu yana hannuna.

Asalin tsarinsa na Biotar ne na kamfanin Zeiss na Jamus, Rashawa suka ci gaba da ƙera shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a masana'antu daban-daban. Shi ya sa sai an duba kowanne a kan kansa, wani ya yi kyau sosai, wani a sake. Abin da ake sonsa dominsa shi ne bayan hoto. Na tsayar da 'yata ƙarƙashin dalbejiya da yamma, rana tana ratsa ganye, na buɗe shi a f/2. Ita ta fito sarai a tsakiya, ganyen bayanta kuma ya zama ɗige-ɗigen haske suna kewaya ta. Babu gilashin Pentax da ya taɓa ba ni wannan.

Sai dai ban ce ya zama na farkonka ba. Zobe biyu gare shi na ƙofar haske: ka zaɓi lamba da ɗaya, ka buɗe ka yi saiti, sannan ka murɗa ɗayan da hannunka ya rufe kafin ka danna. In ka manta, haske ya cinye hoton. Ga mutum a tsaye yana jiranka babu laifi, ga dawaki kuwa ba zai yiwu ba. Kuma in rana ta dake shi ta gaba hoton yakan wanke, dole ka sa masa hula ko ka kare da tafin hannu.

Ɗan birni, Ƙofar Doka

Ni maganar lungu ce ta tsayar da ni. Malam, 50mm yana matsewa a cikin birni, 58mm ya fi shi matsewa. Na so in ɗauki wani tsohon zaure mai ɗaurin guga a unguwarmu, irin ginin da ake jingina salonsa ga su Babban Gwani Muhammadu Durugu, na ja da baya har bayana ya taɓa bango, rabin rufin kawai na samu. Faɗin hoto a fim ɗin nan 24 ne da 36 a milimita, daga kusurwa zuwa kusurwa kuwa kimanin 43, kuma gilashi mai wannan lambar shi ake kira tsaka-tsaki. Wato 50 ɗin ma ya ɗan zarce tsaka-tsakin gaskiya, an dai saba da shi ne tun daga Leica ta 1925. Pentax sun yi wani siriri, M 40mm f/2.8, kyamara da shi tana shiga aljihun babbar riga. In ka ci karo da shi, ko da 35mm, ka riƙe don lungu. Fuskar mutum kuwa 50 ya fi yi mata adalci.

Direba, Kwangila

Ga masu karantawa da ba Pentax gare su ba, a kula da baki, kowane gida da nasa. Canon AE-1 bakin FD take ɗauka, gilasan EOS da suka fara fitowa a 1987 ba sa hawa kanta. An taɓa sayar min da ɗaya a kan duk Canon Canon ce, da ƙyar na karɓo kuɗina. Masu Nikon FM2 kuma kada su tura mata gilashin da aka yi kafin 1977 in ba a gyara shi zuwa tsarin bakin Nikon da ake kira AI ba, yana iya lanƙwasa ɗan haƙorin da ke gefen bakin. Kai mai K1000 ka huta, na Ricoh da Chinon da Cosina masu bakin K, irin na Pentax, duk suna hawa taka.

Ɗalibi, Samaru

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara girma. Na koma da tocila yadda Yaya ya ce. F/2 ɗin ƙura ce kawai a cikinsa, ganyayyakin suna rufewa nan take, na karɓa. Na bar saƙo a nemo min 1.7. Helios ɗin ma raina yana kansa saboda abin da Malam na Wusasa ya faɗa. Wace irin adafta zan nema?

Mai gyaran kyamara da agogo, Tudun Wada

Madalla. Helios ɗin bakin murɗi ne, M42. Nisan bakinsa zuwa fim daidai yake da na bakin K, milimita 45.46, saboda haka adaftar ba ta buƙatar gilashi a cikinta, zoben ƙarfe ne kawai. Ka nemi wadda take nutsewa cikin bakin kyamarar ta yi daidai da shi. Mai leɓe a waje tana tura gilashin gaba kaɗan, sai nesa ta ƙi kamuwa. Mai nutsewar tana da ɗan ƙarfen da ke kulle ta, sai ka danna shi da farce ko ɗan makullinta kafin ta fita, kada ka sa mata ƙarfi.

Ka duba rubutun gaban ma da kyau. 44-2 zai yi maka aiki tunda da hannu ake rufe shi. 44M-4 kuwa ɗan tsinke gare shi a baya wanda K1000 ba ta dannawa, zai zauna a buɗe kullum.

Ma'aunin hasken kyamararka ba shi da makunni, murfin gilashi ne yake kashe shi, don haka in ka gama ka rufe, in ba haka ba batir ya ƙare. Zoben gaban f/2 ɗinka milimita 49 ne, na Helios-44-2 ma haka, filta ɗaya ta ishe su lokacin hunturu. Da damina ka fitar da su daga jaka, ka ajiye a kan kanta inda iska da haske suke kaiwa, ko a roba mai murfi da ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi.