Abin da muka tsinta a hirar maganaɗisu da ciwon damuwa

Bayan isha'i a majalisarmu ta Gwammaja, wani abokinmu ya kawo maganar ƙanwarsa: shekara biyu tana shan maganin damuwa, har yanzu kwanon abinci sai ya huce a gabanta. Wani likita a cikinmu ya yi mana bayanin TMS.

Na'ura ce da ake ɗorawa a gefen goshi, tana aika bugun maganaɗisu ya motsa sashen ƙwaƙwalwar da ya yi sanyi. Ba a sa mutum barci. Yana zaune a kujera yana jin ƙas-ƙas-ƙas, ya tashi ya koma gida. A Ingila aka ƙirƙiro ta a 1985, Amurka ta amince da ita don ciwon damuwa a 2008. Ana zuwa kwana biyar a mako, mako huɗu zuwa shida, ga wanda ƙwaya ta gaza masa.

Likitan ya ja kunne sosai: mai farfaɗiya, ko mai ƙarfe a cikin kai, ya faɗa tun farko. Ciwon kai kaɗan yakan biyo baya.

Abin da ya fi tsaya min, kada a ajiye ƙwaya da ka. Aka ce abokin namu ya fara mai da ƙanwar tasa wurin likitan ƙwaƙwalwa, a Asibitin Malam Aminu Kano ko Dawanau, a sake duba maganinta.