Neman taimako kan sulen azurfa na zamanin Sarki Ethelred na Biyu

Jama'a, don Allah ku taimaka mini. Ina da sulen azurfa ɗauke da sunan Ethelred na Biyu, wanda ya mulki Ingila daga 978 zuwa 1016, samfurin nan mai dogon gicciye a baya. A ƙa'ida, can bayan ake rubuta sunan maƙeri da garin da aka buga shi, amma nawa haruffan a hargitse suke, sun ƙi karantuwa. Ga kuma 'yan tsage-tsage na wuƙa, irin wanda mutanen Viking, mayaƙan teku na arewacin Turai a wancan zamani, ke yi don gwada azurfa.

Na san an kwaikwayi wannan samfurin a Dublin da Sigtuna ta Suwidin. To, ta yaya zan bambance na Ingila da na kwaikwayo? Nauyi zan duba, ko zanen fuskar sarkin?