"Yaba kyauta tukwici": ya dace da baikon godiya?

Talatu: Salama, 'yan'uwa. Ran Lahadi aka yi godiyar kaka a ikkilisiyarmu, inda ake kawo baiko, wato kyauta ga Allah daga amfanin gona, mai wa'azi ya ce "yaba kyauta tukwici", don haka wanda Allah ya ba buhu goma kada ya zo da mudu ɗaya. Maganar ta tsaya mini a rai. Allah ake ba tukwici?

Dattijo Bulus: 'Yata, tun muna yara, in aka aiko yaro da ƙafar rago ko ƙwaryar fura, yaron ake miƙa wa 'yan kuɗi. Mai kyautar yana gida, sai dai ya ji labarin yadda aka karɓa. To in Allah ne mai kyauta, wa ke nan ɗan aike?

Ishaku: Fasto mana, Baba! Ashe ya san inda ya dosa.

Dattijo Bulus: Kai Ishaku, kama bakinka. Buɗe Littafi Mai Tsarki, 2 Sarakuna sura 5. Na'aman ya warke daga kuturta, ya kawo wa Elisha dukiya, annabi ya rantse ba zai karɓa ba. Gehazi baran Elisha ne ya bi Na'aman a guje da ƙarya, ya karɓo talanti 2 na azurfa da riguna 2, kuturtar ta koma kansa. Bawan Allah na gaske tsoron irin wannan tukwici yake yi.

Mama Rifkatu: Ni kuwa kakata ba haka take nufi da shi ba. In ta ba ka abu ka ce "kai, madalla, an gode", sai ta ce yaba kyauta tukwici, wato yabon nan ya wadatar. Kutare 10 Yesu ya warkar a Luka 17. Basamariyen da ya komo, me ya riƙo? Hannu rabbana ya zo, ya faɗi a gabansa yana godiya, kuma shi aka yaba.

Ishaku: Mama, wannan fassarar za ta yi wa marowata daɗi. Mutum ya cika rumbu uku, ya zo ya rera waƙa da ƙarfi, ya koma gida.

Mama Rifkatu: Ɗana, wanda ya gode da gaske hannunsa ba ya rufuwa. Abin da na ƙi shi ne a mai da baiko ciniki. A zumuntar mata akwai gwauruwar da ta daina zuwa ranar godiya saboda ana kiran suna ana faɗin abin da kowa ya kawo.

Talatu: Haka ake yi a wurinmu ma, har da tafi.

Dattijo Bulus: Wannan kam zan kai shi gaban majalisar dattawa. Amma ban yarda manomin rumbu uku ya tsira ba. Maimaitawar Shari'a 8:17-18 ta hana mutum cewa ƙarfinsa ne ya tara masa dukiya. In sai an nemi ɗan aike, ga 'yan ƙodagon da suka yi masa noma, ya fara biyansu hakkinsu kan lokaci.

Ishaku: Baba, kar kawuna ya ga wannan, tun bara yake riƙe da kuɗin masu girbi.