Wai me za mu kira "kimiya" ta Larabawa da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa na Makka da Jidda da Madina. Akwai kalmar da ke rikita iyayenmu, ina so mu tsayar da magana ɗaya a kanta. Yaro ya gama sanawiyya, wato sakandare, ya zana ƙudurat da tahsili, jarrabawar shiga jami'a a Saudiyya, ya ce wa baba zai karanta kimiya a jami'ar Ummul Ƙura ta Makka, baba ya ce to wace kimiyyar a ciki? Kuma baba na da gaskiya, don a Hausar gida kimiyya ita ce duk abin da Larabawa ke cewa ulum, shi ya sa kake jin "kimiyya da fasaha" a rediyo. Amma kimiya a bakin Balarabe fanni ɗaya ne tak, wanda 'yan boko ke cewa kemistiri.

Wani Malam daga Madina ya ce a bar shi a kemistiri kawai tunda kowa ya sani. Allah gafarta Malam ba kowa ba wallahi, kana faɗin haka tsoho zai ji kemis, shagon da ake sayen maganin ciwon kai, sai ya ɗauka ɗansa zai yi shekara 4 a jami'a don ya zo ya tsare kanti.

Wata Hajiya daga Shara Mansur kuma ta kawo "ilimin haɗa magunguna". Hajiya wannan ai saidala ce, wato famasi, kulliyarta daban a jami'a, kuma sai da lasisin hukumar ma'aikatan lafiya ake aikinta, wanda ya karanta kimiya ba zai tsaya a saidaliyya yana ba da magani ba. Wannan sunan ne ya fi damuna don yana toshe wa yara ido, alhali aikin kimiya ya fi ƙarfin magani nesa ba kusa ba. Ku dubi SABIC, kamfanin sinadarai na Saudiyya da aka kafa a 1976, masana'antunta na Jubail da Yanbu taki suke yi da kayan roba, ga Aramco, ga matatar Petro Rabigh nan kusa da mu, ga ruwan da ke zuwa Makka daga Shu'aiba wanda ruwan teku ne aka cire masa gishiri kuma dole wani ya zauna a ɗakin gwaji yana auna shi kafin ya iso famfonmu, haka kamfanin fenti da siminti da na abinci duk suna buƙatar mai gwada ingancin kaya.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne ilimin sinadarai. Mai shi masanin sinadarai, wanda ya bi ta handasa, wato karatun injiniya, kuma injiniyan sinadarai, don su biyun ba ɗaya ba ne, shi injiniya tsara masana'anta da tafiyar da ita ne aikinsa. Kawu daga Jidda ya ce sinadari ai kayan ɗanɗanon miya ne a kunnen mata. Haka ne Kawu, amma ko a labarai ana cewa sinadarin kaza ya gurɓata ruwa kuma kowa na ganewa, kalmar ta riga ta zauna.

Idan sunan ya fito sarai bayanin karatun ma zai yi sauƙi. Digirin farko ya isa aikin ɗakin gwaji ko koyarwa, bincike kuwa sai da majistir, wato digiri na biyu, ko dakta, irin wanda ake yi a jami'ar KAUST ta garin Suwal da aka buɗe a 2009. Turanci dole ne, kar yaro ya yi wasa da shi. Masu igama, wato baƙi masu takardar zama a Saudiyya, kuma a faɗa musu gaskiya tun wuri, jami'ar gwamnati galibi sai ta hanyar minha, wato tallafin karatu, kuma tsarin fifita ɗan ƙasa a aiki yana nan, don haka su sa ido a gida ma, akwai matatar Dangote a Legas da kamfanin takinsa, akwai NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Saura wanda ya yi diploma a kulliyar tiƙniyya, wato kwalejin fasaha, da ake ce wa fanni mukhtabar. Ni dai ma'aikacin ɗakin gwaji na ce, mai wanda ya fi wannan gajarta ya kawo mu gani.