Aikin gida na lissafi a aji ɗaya: yaya ake fama a gidajenku?

Uban 'yan makaranta, daga wajen Ringim:
Assalamu alaikum jama'a. 'Yata ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare bana, kuma lissafi ya sa ta a gaba. Shekaranjiya bayan isha'i na tarar da ita kan tabarma a tsakar gida, ta haska littafi da fitilar wayar uwarta, tana share hawaye da gefen hijabi. Tambaya 20 aka ba su, duk daga allo ta kwafo, don babu littafin da za ta zo da shi gida. Ta farko ita ce x + 7 = 15. Na ce mata, wace lamba ce in an ƙara mata 7 za ta zama 15? Ban rufe baki ba ta ce 8. Na ce to kukan na mene ne? Ta ce ai ba ta san abin da harafin yake nema ke nan ba. Ni iyakata firamare, tambaya ta shida ma ta fi ƙarfina. Yarinyar nan sai bayan azahar take dawowa, ta ɗebo ruwa, ta tafi Islamiyya har dab da magariba. Malamai, me ake koyarwa a ajin nan, kuma tambaya nawa ya kamata a ba yaro? Iyaye, yaya kuke yi?

Malamin lissafi, daga wajen Gaya:
Wa alaikumus salam, Baba. Shekarata 11 ina koyar da wannan ajin. Manhajar da hukumar NERDC ta tsara tana farawa da manyan lambobi, miliyan da biliyan har tiriliyan, sai ɓangarori irin su rabi da sulusi da rubu'i, da kaso cikin ɗari. Akwai ƙirga da 0 da 1 kaɗai, inda 5 take zama 101. Sai lambobin ƙasa da sifili, sai a shigo da haruffa, daga baya kusurwa da siffofi. A kan wannan tubalin ake ɗora komai har jarrabawar BECE ta ƙarshen aji uku.

Abin da yake kayar da yara abu biyu ne. Da yawa suna zuwa mana ba su haddace jadawalin sau ba, ka ce 7 sau 8 sai yaro ya fara zana sanduna a bayan littafi. Na biyu Turanci. Tambayar da za a amsa nan take da Hausa, in ta zo da Turanci sai a yi tsuru-tsuru. Ni ma na taɓa ba da tambaya 20, kuma ba zan ɓoye ba, ban iya dubawa. Yara 84 ne a ajina, lissafa ka gani, amsa 1,680 ke nan a dare ɗaya. Sa hannu kawai nake yi a ƙasan shafi, yaron da ya yi kuskure ya tafi da kuskurensa. Yanzu biyar nake bayarwa, washegari mu warware su tare a allo kafin sabon darasi.

Maman 'yan biyu, Dambatta:
Ni ban yi boko ba, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake yi. Ɗana ya zo da wani abu wai 3 ce amma da ɗan kara a kwance a gabanta, a haɗa ta da 5. Ya ce malam ya ce ƙasa da babu ce. Na ce ƙasa da babu ai bashi ne. Na ce in mai gyaɗa tana bina kwano 3, na samo kwano 5, nawa ne nawa? Ya ce 2. Ya duba littafin abokinsa, haka ne. Tun ranar in ina tuya yake zama gefen murhu yana karanto min da Hausa, ina mayar masa da ciniki. Wata rana ya kawo 3x + 50 = 500. Na ce na aike ka da 500, ka sayo ƙulli uku, an ba ka canjin 50, nawa ƙulli ɗaya? Ya ce 150. Wallahi daɗin da na ji ranar ya fi na cinikin kasuwa.

Yayan wani ɗalibi, Kura:
Malam, a gafarce ni, biyar ta yi kaɗan. Lissafi sai da maimaici, kuma yaran birni da za su zauna jarrabawa ɗaya da namu kullum cikin aiki suke. Sai dai zan faɗi abin da na gani da idona. Lokacin yankan shinkafa ƙanina ba ya taɓa littafi, daga makaranta gona yake wucewa. Da safe sai ka gan su biyar shida a gindin darbejiya suna kwafar littafin mutum ɗaya da sauri kafin a kaɗa ƙararrawa, don tsoron bulala. Har kuskuren mai littafin suke kwafa.

Malamin lissafi:
Ɗan'uwa, ai ka amsa da kanka. Maimaicin da nake so a gida shi ne jadawalin sau, kuma wannan ba ya bukatar fitila. Ka riƙa tambayarsa a hanyar gona, yau gidan 6, gobe gidan 7. In ka yi min wannan wata ɗaya, zan ƙara masa tambayoyin da kaina.

Malamin Islamiyya, daga wajen Kazaure:
An ambaci Islamiyya, to bari in sa baki. Ɓangarorin nan da suke ba yara wuya muna da su a fiƙihu. Zakkar amfanin damina dami ɗaya ne cikin goma, wato kashi 10 cikin ɗari, wanda aka shayar da wahala kuma ɗaya cikin ashirin. A gado mata tana da sumuni, ɗaya cikin takwas, in mamacin ya bar 'ya'ya, uwa tana da sudusi, ɗaya cikin shida. Kalmar aljabara, wato lissafin nan na haruffa, ita ma daga "al-jabr" take, a sunan littafin da masanin lissafi Al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma babban sashe na littafin rabon gado ne. Ina faɗa wa ɗalibaina haka don kada su ɗauka ilimin wasu ne. Ranar Alhamis da Juma'a ba mu karatu, na bar ajinmu a buɗe da yamma, manyan suna zama da ƙananan su yi aikin gida da sauran haske.

Uban 'yan makaranta:
Allah Ya saka muku da alheri. Jiya na je na sami malaminsu. Ya karɓe ni da mutunci, ya nuna min tarin littattafan da bai duba ba a kan benci, ya ce zai rage. Daren jiya mun gwada dabarar Maman 'yan biyu da ƙwayar masara, fara ta samu, ja ta bashi, kuma mun ci bakwai cikin goma. Sauran ukun raba ɓangare da ɓangare ne, irin rabi a raba da rubu'i. Ta ce malam ya ce a juya na biyun sannan a ninka, amsa 2, amma ta tambaye ni dalilin juyawar na rasa ta cewa. Malam na Gaya, don Allah yaya zan yi mata bayanin wannan da Hausa?