Karan furen tafarnuwa ya ƙi laushi, ina mafita?

Assalamu alaikum, 'yan uwa mata. A nan Malali nake, Kaduna. Da shigowar hunturu na shuka tafarnuwa a buhuna uku a bayan gida. Kwanan baya wasu suka fitar da dogon kara kore daga tsakiya, ya nannaɗe kamar wutsiya, da ɗan ƙullutu a bakinsa. Maƙwabciyata ta ce in yanke, domin idan aka bar shi ƙwayar ba ta girma sosai, kuma ana cinsa.

To na yi sakaci, sai da ya miƙe sannan na yanke. Na yayyanka kamar lawashi, na soya da ƙwai. Ƙamshi dai ba a magana, bai kai ƙwayar tafarnuwa yaji ba. Amma wallahi kamar ana tauna igiya! Maigida ma gefen faranti ya tara nasa. Na sa a dafaduka, duk kanwar ja ce.

Shin tsufa ya yi, ko sai an fara tafasa shi? Kuma ana iya shanya shi kamar gabu? Saura dami guda a firij.