Neman shawara kan aikin dikinoni da fasto

Ina gaishe ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji. Ikkilisiyarmu tana wani ƙauye a ƙasar Sumaila, kuma tun da aka tara baikon kaka na dawa da gero muke cikin rashin jituwa. Dikinoni, wato masu hidimar ikkilisiya, sun ce rabon hatsin ga gwauraye da marayu aikinsu ne, domin a Littafi Mai Tsarki, Ayyukan Manzanni sura 6, an zaɓi mutum bakwai saboda wannan hidima, manzanni kuwa suka duƙufa ga addu'a da wa'azi. Baba Fasto ya ce ba za a buɗe rumbun ba sai da izininsa, ga shi mabukata suna jira, abin da ya fi damuna ke nan. Ina iyakar ikon kowannensu take, kuma wa ya kamata ya sasanta su?